Hukuncin hawa ko sayar da tsohon dokin sukuwa mai ɗingishi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi doki ɗan shekara 7 wanda ya daina sukuwa. Ba a yi wata ba ya fara ɗingisa ƙafar gaba. Likitan dabbobi ya ce jijiyar bayan ƙwauri ce ta taɓu tun yana tsere. In na ba shi maganin kashe raɗaɗi sai ya taka garau. Ya halatta in ci gaba da hawansa a haka? In kuma na gaji da ɗawainiya, zan iya sayar da shi in yi shiru?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sukuwa kanta halas ce. Ibnu Umar ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa an yi tseren horarrun dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, wurare biyu a yankin Madina. Amma haƙƙin doki ba ya ƙarewa ranar da gudunsa ya ƙare.

Ɗan'uwa, ka fahimci ciwon tukuna. Doki yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, ga shi ana fara horar da dawakin tsere tun suna kusan shekara 2. Jijiyar nan in ta yage, da tabo take warkewa, tabo kuwa ba ya miƙewa kamar lafiyayyar jijiya. Jinyarta kan ci wata 9 zuwa shekara, kuma tana yawan sake tashi. Maganin da kake ba shi bai ɗinke komai ba, zafin kawai ya rufe. Ɗingishin nan shi ne bakin da doki yake kai ƙara da shi. Ka toshe bakin, ka ɗaura sirdi, ya ci gaba da taka abin da ya kamata ya huta: wannan cutarwa ce, kuma haramun ce. Abu Dawuda ya ruwaito labarin raƙumin da ya zubar da hawaye gaban Annabi (SAW), sai ya tsawata wa mai shi, domin yana barinsa da yunwa yana kuma wahalar da shi.

Ba shi maganin don ya sami sauƙi yana hutawa, bisa umarnin likita, wannan lada ne. Ciyarwa, gyaran kofato da jinya wajibi ne a kanka muddin yana hannunka, kuma doki kan kai shekara 25 zuwa 30, sai ka yi lissafi tun yanzu. In likita ya ce ya warke har zai ɗauki tafiyar sannu, hau shi gwargwadon haka.

Sayarwa ta halatta in ka bayyana aibin. Ka ɗura masa magani ranar da mai saye zai duba, wannan algus ne tsantsa, Muslim kuwa ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kai ma, in ta tabbata ciwon ya riga cinikinku kuma ba a sanar da kai ba, kana da zaɓin mayar da shi.

Ba ka tambaya ba, amma zan ƙara. In ciwo ya kai inda aka fid da rai, kamar mummunar karaya ko kumburin cikin kofato da ya hana shi tsayuwa, malaman Malikiyya sun halatta yanka dabbar da aka yanke ƙauna daga gare ta don a hutar da ita. Amintaccen likita ne zai tabbatar da hakan, ba ƙosawar mai doki ba.

Wallahu a'alamu.