Me ya sa ake korar ɗalibai daga shafinmu idan sabar ta faɗi, kuma a sake korarsu idan ta dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da shafin rajistar ɗalibai na wata makaranta. Sabar biyu gare mu, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafin, da harshen kwamfuta na PHP aka rubuta shi, manhajar Nginx kuma tana gaba tana raba musu masu shigowa ta hanyar ip_hash, wato bisa adireshin intanet na kowane mai shigowa. Da zarar ɗaya ta faɗi, sai a kori waɗanda ke tsakiyar cike fom, su sake shiga. Abin da ya ɗaure mini kai, idan ta dawo ma sai a sake korar wasu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Nginx aikinsa yake yi, matsalar tana wurin da kuke ajiye bayanan zaman ɗalibi, wato session, abin da shafin ke tuna shi da shi bayan ya shiga.

Idan ɗalibi ya shiga, PHP yana ba burauzarsa kuki, wato 'yar shaidar da burauza ke ajiyewa, mai suna PHPSESSID. Lamba ce kawai, kamar katin da mai gadin babura yake miƙa maka a bakin kasuwa: katin yana aljihunka, babur ɗin yana wajensa. Ainihin bayanan, wato wane ne ya shigo da inda ya kai a fom, PHP yana rubuta su ne a fayil cikin faifan sabar da ta karɓe shi, sai dai in an canza masa wannan tsari. Ta faɗi, an tura yaro wajen ta biyu, ita kuwa ba ta taɓa ganin lambar ba. Kora ta farko ke nan.

Ta biyun ce mutane suka fi mantawa da ita. ip_hash yana lissafi ne da sassa uku na farko cikin sassa huɗu na adireshin intanet (IPv4) na mai shigowa, lissafin kuma ba ya canzawa. Saboda haka da zarar sabar farko ta farfaɗo, sai a mayar mata da duk mutanenta. Yaron da ya sake shiga a sabar ta biyu ya koma gida, inda ko dai ba a san sabuwar lambarsa ba, ko a ɗauko masa tsohon bayani. Ga shi Nginx, a tsarinsa na asali, kuskure 1 ya ishe shi ya janye sabar, bayan daƙiƙa 10 kuma ya sake gwada ta. In sabar tana tashi tana faɗuwa, haka za a riƙa wurga ɗalibai nan da can. Ƙari a kan haka, yawancinsu da datar waya suke shigowa, adireshinsu na iya sauyawa ko da ba abin da ya faɗi.

Shawarata, ku cire bayanan zama daga cikin sabobin gaba ɗaya, ku kai su ma'ajiya guda da kowacce ke iya karantawa. Redis, wata manhajar ajiye bayanai mai sauri, aka fi amfani da shi. Ka saka ƙarin phpredis mai haɗa PHP da Redis, a saitin PHP ka mayar da session.save_handler zuwa redis, sannan session.save_path ya nuna adireshinsa a ƙofa (port) ta 6379, wadda Redis ke saurare ta ita. Daga nan ip_hash ba shi da sauran amfani, ka cire shi. In masu shigowa ba su da yawa, tebur ɗaya a rumbun bayanai na MySQL, in kuna da shi, ma ya wadatar.

Amma fa Redis guda ɗaya shi ma yana iya faɗuwa, ya tafi da kowa lokaci ɗaya. A yi masa mataimaki mai kwafar bayanansa, da Sentinel, wato masu gadin Redis, aƙalla 3 da za su ɗora mataimakin idan babban ya mutu. Kwafin yana ɗan biyo baya, don haka rubutun ƙarshe na iya salwanta. Fom ɗin da ɗalibi ya ɓata rabin awa yana cikewa, a riƙa adana shi shafi-shafi a rumbun bayanai. Don Allah kada a bar ƙofar 6379 a buɗe ga intanet. Hotunan fasfo da ake lodawa ma su bar faifan sabar zuwa ma'ajiya guda, in ba haka ba ɗayar sabar za ta ce ba ta san da su ba.

Idan kana da damar sauya Nginx da HAProxy, wata manhajar raba masu shigowa, za ka samu binciken lafiyar sabar kowace daƙiƙa 2: kuskure 3 a jere ya janye ta, nasara 2 ya dawo da ita, kuma da saitin slowstart za a riƙa ƙara mata mutane sannu a hankali.

Kafin a buɗe rajista ta gaba, ka zaɓi daren da ba kowa, ka shiga a matsayin ɗalibi, ka cike rabin fom, ka kashe sabar ɗaya, ka ci gaba. Sannan ka kunna ta, ka kashe ɗayar.