Wace roba ta dace da akwatin cajar sola?

Malam, ka tambaya wace roba za ka zaɓa don akwatuna talatin na cajar waya mai aiki da sola da kake haɗawa a Gumel, yadda za su fito tamkar aikin kamfani. Ka ɗauki ABS, wata roba mai tauri da ake yin akwatunan kayan lantarki da ita, kuma a wannan adadi ya fi maka sauƙi ka sayo akwatunan da aka riga aka ƙera a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ka huda ramukan soket da makunni da kanka. Idan kuwa sai an buga su da injin 3D, wato injin da ke narka roba ya ƙera abu da ita, ka guji robar da ake kira PLA, domin tana fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Celsius, zafin da akwati mai batir a ciki kan iya kusanta a shagon kwano lokacin bazara, alhali ABS takan jure har wajen digiri 100.

Sharaɗin shi ne ABS ba ta shiri da rana kai tsaye, takan koɗe sannan ta soma tsagewa, don haka akwatin da zai zauna waje kusa da faifan sola sai a yi shi da ASA, wata roba mai kama da ABS amma mai jure rana. Wajen gyaran fuska, ka goge bakin ramukan da sanfefa mai lamba 240, ka bi da 400 a jiƙe, sannan ka fesa fenti marar sheƙi sama-sama sau biyu, domin mai sheƙi yana tona kowane ƙarce. A aikina na ga ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti har ya yi kaushi, saboda haka ka yi feshin a rumfar da aka yayyafa wa ruwa.