Wa Zai Biya Kuɗin Ceton Wanda Ya Jefa Kansa Cikin Haɗari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ji labarin wani ɗalibi da aka ceto sau biyu cikin mako guda a kan dutsen Fuji na ƙasar Japan a watan Afrilun 2025. An sauko da shi da jirgi mai saukar ungulu, bayan kwana huɗu ya sake hawa don ɗauko wayarsa da sauran kayansa, ya kuma sake kasa saukowa. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Me ya sa za a kashe kuɗin harajin jama'a a kan irin waɗannan mutane, maimakon a miƙa musu takardar biyan kuɗi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikis salam Malama. Haushin da kika ji, mutane da yawa a Japan sun ji irinsa, kuma ba zan ce ba ki da hujja ba. Sai dai ra'ayina shi ne kada a ɗora kuɗin ceto a kan wanda aka ceto, in ban da wanda ya karya wani hani da aka bayyana masa ƙarara.

Dalilin ya fito ne daga bakin masu aikin ceton kansu. Ƙungiyoyinsu a Amurka sun daɗe suna adawa da cajin waɗanda aka ceto, domin sun lura cewa mutumin da ke tsoron bashi yana jinkirta neman taimako. Wanda ya gurɗe ƙafa da rana tsaka, idan ya kira nan take, mutum shida da gadon ɗaukar marar lafiya sun isa su sauko da shi kafin faɗuwar rana. Idan kuwa ya dage yana jan ƙafa har dare ya yi, sanyi ya kama shi, cajin wayarsa ya ƙare, sai aikin ya koma neman wanda ba a san inda yake ba, da mutane masu yawa, cikin duhu, a gefen kwazazzabo. Kuɗin da aka so a yi tsiminsa ya ninka, kuma yanzu rayukan masu ceton ma suna cikin haɗari. Wannan ne ya sa a Birtaniya 'yan sa-kai ke aikin ceto a duwatsu ba tare da karɓar komai ba, ita ma ƙungiyar RNLI da ke ceton mutane a teku tun 1824 da gudummawar jama'a take tafiya. A Faransa jandarmomin tsaunuka suna ceto kyauta, ko da yake a filayen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ana cajin mutane. A teku kuwa maganar ta zama dokar ƙasa da ƙasa: sashe na 98 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokokin teku ta 1982 ya wajabta wa kyaftin ɗin jirgi ya taimaki wanda ke cikin haɗarin nutsewa, ba tare da ya tambayi abin da ya kai shi can ba. Ko attajiran da suka shiga ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Titan a 2023 don kallon ɓaraguzan jirgin ruwan Titanic da ya nutse, dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka sun neme su kwana da kwanaki, kuma ƙa'idar rundunar ita ce ba ta cajin aikin ceto.

Akwai wuraren da suka bi hanyar da kike so, kuma abin da ya faru da su ya cancanci a duba. Jihar New Hampshire ta Amurka tana da dokar da ta ba hukuma damar neman kuɗin ceto daga wanda aka samu da sakaci. A 2009 an nemi wani matashi ɗan shekara 17 ya biya sama da dala 25,000 bayan an shafe kwanaki ana nemansa a dutsen Washington, daga baya kuma hukumar ta janye buƙatar. Matsalar tana cikin kalmar sakaci: wa zai yanke hukunci? Bayan abu ya faru kowa yana ganin kuskuren a fili, amma a lokacin da mutum ya zaɓi hanyar hagu maimakon ta dama, cikin hazo da gajiya, zaɓin ya yi kama da hankali. Gwanayen masu hawan dutse ma suna ɓata, kuma tsautsayi ba ya tambayar shekarun gogewa. Idan aka bar wa jami'in da ya kashe kuɗin ikon yanke cewa an yi sakaci, an mai da shi mai ƙara kuma alƙali.

Inda na yarda da ke shi ne inda akwai iyaka bayyananniya da mutum ya tsallaka da gangan. Jihar Arizona tana da dokar da ta ce direban da ya kewaye shingen da aka gitta a hanyar da ambaliya ta rufe, ana iya neman kuɗin cetonsa daga aljihunsa. A Italiya, a 2025, an caji wani ɗan Birtaniya sama da yuro 14,000 bayan ya wuce allunan da ke nuna an rufe wata hanya a tsaunukan Dolomite saboda ruftawar duwatsu. A nan babu gardama a kan abin da ke zuciyar mutum, domin shingen yana nan, kuma ya gan shi. Ɗalibin da kika ambata ya fi kusa da wannan rukuni, tunda lokacin hawan Fuji a hukumance daga Yuli ne zuwa farkon Satumba, hanyoyin kuma a rufe suke a Afrilu.

Mafi alheri a ganina shi ne a tara kuɗin tun kafin haɗari ya auku. A Suwizalan miliyoyin mutane suna biyan ɗan tallafi kowace shekara ga Rega, ƙungiyar ceto ta jiragen sama da aka kafa a 1952, ita kuma takan yafe musu abin da inshora bai biya ba. New Hampshire ma ta ɓullo da kati na dala 25 a shekara wanda ke kare mai shi daga cajin sakaci. Magajin garin Saint-Gervais na Faransa ya wuce nan a 2022, da ya ba da shawarar kowane mai son hawan dutsen Mont Blanc ya ajiye yuro 15,000, dubu goma na ceto, dubu biyar na jana'iza, shawarar da ta fi kama da tsawatarwa, kuma da an bi ta da dutsen ya zama na masu kuɗi kaɗai. Inshora ma tana da tata illar: a Nepal, a 2018, an bankaɗo yadda wasu kamfanonin yawon buɗe ido ke haɗa baki da masu jirage da asibitoci, suna kwaso matafiyan da ba su buƙatar ceto don su ci kuɗin inshora.

TAMBAYA: Malam, idan mai aikin ceto ya rasa ransa, ba alhakinsa yana wuyan wanda aka je ceto ba? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ba kullum ba, ɗan'uwa. Ka dubi yara goma sha biyu 'yan ƙwallon ƙafa da kocinsu da ruwa ya rutsa da su a kogon Tham Luang na Tailan a 2018, inda tsohon sojan ruwa Saman Kunan ya rasu yana kai tukwanen iska. Allon gargaɗin da ke bakin kogon ya hana shiga ne daga Yuli zuwa Nuwamba, su kuma sun shiga ranar 23 ga Yuni, sai ruwan sama ya riga allon. Iyayen yaran ba su ɗora wa kocin laifi ba. Kafin a nuna wanda aka ceto da yatsa, ya kamata bincike ya tambayi hukumar da ke kula da wurin ko gargaɗinta ya dace da yanayin, ya tambayi ɗan jagora ko kamfanin da ya karɓi kuɗi ko ya duba hasashen yanayi, ya kuma tambayi shugaban tawagar ceton dalilin da ya sa ya tura mutanensa a wannan sa'a, domin yana da ikon ya dakatar da aikin har gari ya waye ko iska ta lafa.