Ragar jijiyoyi za ta iya riƙe linzamin injin lantarki?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kuma ina taya kawuna haɗa famfunan sola a lambunan Mirya. Na ji ana sa ragar jijiyoyi ta kwamfuta, wato manhajar da ke koyo daga misalai, ta sarrafa wutar da inbata ke bai wa inji. Me ta fi tsohon tsari da shi?

Amsa: Ƙanena, ƙarfin juyin inji yana bin kwararar wuta ne, wato ampiya. Inbata tana datsa wutar sola, tana kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, har ta zama wuta mai sauyawa a layuka 3. Mai sarrafawa kuwa aikinsa ya auna ampiyar da ke shiga, ya gwada ta da wadda ake so, ya gyara boltej.

Tun da Felix Blaschke na kamfanin Siemens ya fito da dabararsa ta sarrafa inji ta hanyar bin alkiblar maganaɗisunsa a farkon shekarun 1970, lissafin PI, wanda ke gyara boltej bisa girman bambancin ampiyar da yadda bambancin ke taruwa, ake ɗora wa wannan aiki. Sai dai PI ana saita shi bisa halin inji, shi kuwa hali ba ya zama wuri ɗaya. Turjiyar wayar tagulla tana ƙaruwa kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Inji ya ƙara digiri 50, ka ga turjiya ta hau kusan kashi 20, kuma ka san zafin Afrilu a nan, tun ba a kunna ba ƙarfe ya ɗau zafi. Ga ƙarfen ciki da ke ƙoshi da maganaɗisu in lodi ya yi yawa, shi ma yana sauya halin injin.

Nan ragar ke da amfani. Ana horar da ita da ma'aunai na gaske, inji da sanyi, da zafi, da lodi, babu lodi, har ta koyi boltej ɗin da ya dace ba tare da an rubuta mata cikakken lissafi ba. Amma dole ta kasance ƙarama: in ana awo sau 10,000 a daƙiƙa, cikin kashi 1 na 10,000 na daƙiƙa za ta gama tunani. Kuma abin da ba ta gani a horo ba, ba ta da tabbas a kansa.

Famfon kawunka dai PI ya ishe shi, ruwa ba ya neman saurin mutum-mutumin masana'anta. In don bincikenka ne, fara a Simulink, manhajar kwaikwayon na'urori a kwamfuta, ka sa ragar ta riƙa gyara saitin PI kawai, kuma kada ka taɓa cire na'urar da ke yanke wuta in ampiya ta wuce iyaka.