Babana, ga amsar tambayarka kan kurwa da tada mai barci

Wa alaikumus salam Babana. Naga saƙonka tun jiya bayan isha'i, ban amsa bane dan maganar ba ta layi biyu bace, sai yanzu da nayi walaha na samu zama. Ya iyalin, ya amaryata da karatu?

Kace ranar Litinin ka shiga ka girgiza 'yarka da ƙarfi dan zata makara makaranta, Hajiya ta rufe ka da faɗa tace ba a yiwa mai barci haka, kurwarsa ta tafi yawo, in aka firgita shi kafin ta dawo ana samun matsala. Sai kuma ka turo min bidiyon nan da wani yake cewa wai masana kimiyyar kwantam, wato ilimin ƙananan abubuwa irin su atom, sun tabbatar rai yana fita daga jiki ya dawo, har wanda yaci kyautar Nobel ma ya faɗa, kana tambaya ko kenan al'adar tamu kimiyya ta gaskata ta. Toh Hajiya tayi daidai da ta hana ka, mai bidiyo kuma ya haɗa gaskiya da abinda ba haka ba, kuma ina roƙonka kar ka ɗaure maganar Hajiya a jikin tasa.

Kai baka riski Inna da ƙarfinta ba. In zata tashe mu da asuba zuwa makarantar allo sai tazo ta tsuguna a bakin tabarma wajen ƙafafunmu, ta kama babban ɗan yatsan ƙafarka ta ɗan matsa a hankali, ta kira sunanka ƙasa ƙasa, tayi shiru, ta sake kira, har sai ka motsa da kanka sannan tace tashi gari ya waye. Wallahi har yau ina jin sanyin hannunta dan ta riga tayi alwala. A wajen mutanen da, rai daban kurwa daban. Rai in ya fita shikenan sai wanka da sutura, ita kuwa kurwa tana fita ta dawo, mafarki ma cewa suke abinda ta gano ne a yawonta. Shi yasa ake kiran suna, kamar ana kiran yaron da ya tafi wasa ya dawo gida. A addini kuma akwai aya ta 42 a Suratuz Zumar da take nuna Allah yana karɓar rayuka lokacin mutuwa, da waɗanda basu mutu ba a cikin barcinsu, sai Ya riƙe wanda ajalinsa yayi Ya saki sauran zuwa wani lokaci. Addu'ar tashi daga barci ma ai godiya ce ga wanda Ya raya mu bayan Ya kashe mu, Bahaushe kuma yace barci ƙanin mutuwa. Amma ka lura, ayar bata ce in ka firgita mutum ransa zai kasa dawowa ba, wannan ɓangaren na al'ada ne, kar ka jingina wa addini shi.

Ni abinda yasa nake riƙe da al'adar nan da hannu biyu shine abinda idona ya gani. Kasan sama da shekara 30 nayi ina ba da maganin barci a ɗakin tiyata, aikina kenan in fitar da mutum daga hayyacinsa in tsare shi har likita ya gama in dawo dashi. A asibitocin karkara ketamin muka fi amfani da ita saboda bata cika danne numfashi ba kuma ko ba wuta zaka yi aiki, amma tana da hali wajen farfaɗowa, wani ya tashi yana kuka wani yana ihu yana ganin abubuwa. Dokar da aka koya mana tun muna ɗalibai itace a kwantar dashi inda ba hayaniya, a rage haske, kar a dinga taɓa shi ana jijjiga shi ana kwala masa kira, ka dai sa ido akan numfashinsa ka barshi ya dawo da kansa. Akwai wani saurayi da aka yiwa ɗinki a ƙafa, yayansa ya kutso ya kama kafaɗarsa yana girgizawa yana cewa wane ka ganni? ka ganni? yaron nan ya zabura ya fizge robar ƙarin ruwa, jini ya ɓata zanin gado, sai da mu uku muka riƙe shi. Washegari da na je duba shi yake ce min shi fa yaga kansa daga sama kwance akan gado, yana so ya koma jikinsa ana ta jan sa. Ina jin haka na tuna Inna a bakin tabarma. Ita bata taɓa jin sunan ketamin ba amma dokarta da tamu ɗaya ce. Yara ma haka, barcinsu yana da nauyi ƙwarai, in ka fizgo yaro daga tsakiyarsa zai tashi a ruɗe zuciya na bugawa, ya ɗau lokaci bai san inda yake ba, wani ya wuni yana ƙunci.

Toh sai maganar kwantam. Na daɗe ina bibiyarta dan ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kawo ra'ayin cewa kwantam na da hannu a hayyacin ɗan Adam ɗan sana'armu ne, Stuart Hameroff, likitan ba da maganin barci a jami'ar Arizona ta Amurka. Ɗayan kuma Roger Penrose na jami'ar Oxford a Ingila, gwanin lissafi da fiziks. Shi kwantam ilimin ƙananan abubuwa ne irin su atom da ilektiron, waɗanda a duniyarsu abu ɗaya kan iya zama cikin hali biyu lokaci guda har sai an auna shi sannan ya tsaya a ɗaya. Wannan ba tatsuniya bace, da ilimin aka ƙera wayar da ke hannunka. Penrose tun a 1989 ya kawo cewa fahimtar ɗan Adam ba irin lissafin kwamfuta bace, yana ganin ƙarfin nan da ke jawo mangwaro ƙasa in ya tsinke daga bishiya, wanda yake ɗaya daga cikin manyan ƙarfi 4 da masana suka ce duniya na tafiya akansu, shi ne yake tilasta abu mai hali biyu ya faɗa hali ɗaya ko ba wanda ya auna shi, kuma wai a daidai wannan faɗawar ne ake samun ɗigon hayyaci. Sai dai bashi da wurin da zai ce a nan abin ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa. Hameroff ne yazo yace ga wuri, wasu 'yan bututu ne a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, maikurotubul, siraran da sai ka jera kusan 3,000 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 suka haɗa ra'ayin nasu suka fitar.

Yanzu ga inda mai bidiyonka ya karkata. Eh Penrose yaci Nobel a 2020, amma akan lissafin baƙin ramin sararin samaniya aka bashi, ba ruwan kyautar da maganar hayyaci balle rai. Kuma mutumin ya sha faɗa da bakinsa cewa shi ba mabiyin wani addini bane. Shi Hameroff yakan yi hasashe a hirarraki cewa ƙila wani abu na mutum ya wanzu a wajen jiki, amma hasashe ne na baki, ba awo ba gwaji.

Ra'ayin kansa ma yawancin masana ƙwaƙwalwa da na fiziks basu karɓe shi ba, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne. Halin nan na kwantam abu ne mai saurin lalacewa, ɗan ɗumi ko ɗan motsi ya ishe shi, shi yasa kwamfutocin kwantam da ake ƙerawa yanzu da yawansu sai an sanyaya su kusan digiri 273 ƙasa da sifili. Ƙwaƙwalwa kuwa digiri 37 take, jiƙe sharkaf da ruwa da gishiri, komai na motsi. A shekarar 2000 wani masani Max Tegmark ya zauna ya lissafa, ya samu cewa a cikin 'yan bututun nan halin ba zai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na sakan ba zai watse, alhali ƙwayar ƙwaƙwalwa tana buƙatar wajen kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan kafin ta aika saƙo ɗaya. Kamar ka ɗora ƙanƙara akan garwashi ne kace zata jira ka je kasuwa ka dawo. Su Hameroff sun mayar da martani sunce lissafin bai yi la'akari da wasu abubuwa ba, har yau ana ta ja. Sannan a Italiya akwai ɗakin gwaji a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso, dutse mai kaurin mita 1,400 a samansa, anyi wajen wata 2 ana neman wani ɗan haske da ya kamata ya fito in har ƙarfin jan nan ne ke yin aikin, sakamakon da aka fitar a 2020 ba a ganshi ba, sigar ra'ayin mafi sauƙi ta faɗi kenan, masu shi suka ce akwai sauran siga.

Zan yi musu adalci dai. A 2024 a kwalejin Wellesley ta Amurka an ba ɓeraye wani magani mai kama 'yan bututun nan ya ƙarfafa su, sannan aka shaƙa musu iskar barci irin wadda muke amfani da ita, sai suka ɗau fiye da minti ɗaya ƙari kafin su fita hayyacinsu. Wannan ya burge ni sosai a matsayina na wanda ya ƙare rayuwarsa akan wannan iskar. Amma abinda ya nuna shine ƙila bututun suna da hannu a yadda maganin ke aiki, bai nuna kwantam ba, bai nuna rai ba. Kai ko da gobe aka wayi gari su Penrose sunyi gaskiya ɗari bisa ɗari, abinda suka ce shine ga yadda hayyaci ke kunnuwa a cikin ƙoƙon kai, ina maganar kurwa ta tafi yawo a nan? Bututun nan fa har a cikin albasa akwai su.

Ba yau aka fara ba. A 1907 wani likita a Amurka, Duncan MacDougall, ya ɗora mutum 6 masu gargarar mutuwa akan sikeli, a ɗaya daga cikinsu yaga nauyi ya ragu da giram 21, shikenan aka yi ta yaɗa cewa an auna rai, alhali sauran basu bada wannan sakamakon ba. Sama da shekara 100 ana ta jan wannan maganar. Zanen aro baya rufe katara Babana. In ka ɗora imaninka akan gwajin wani, ranar da gwajin ya rushe me zaka ce wa 'yarka? An tambayi Annabi SAW game da ruhi, amsar tana aya ta 85 a Suratul Isra'i, ruhi al'amarin Ubangiji ne kuma ilimin da aka bamu kaɗan ne. Ni wannan ta ishe ni, kuma bata hana ni son karanta binciken masana ba ko kaɗan.

Abinda ya fi damuna, wanda shi yasa na zauna nake ta wannan dogon rubutu, maganar kurwa tana da wani gefe mai cutarwa, wato maita. Da idona naga an kawo yaro ɗan shekara 5 yana ta jijjiga, jiki kamar wuta, wuya ya sanƙare, ashe kwana 2 aka yi dashi a gida an tasa wata tsohuwa maƙwabciya a gaba wai ta kama kurwarsa, an tara mata jama'a an tilasta mata ta tsallaka shi, tana kuka tana rantsuwa. Sanƙarau ne. Munyi iya yinmu, ya rayu amma ya rasa jinsa, tsohuwar kuma bata sake zama a unguwar ba. Yanzu ka duba in masu irin wannan zargin suka samu bidiyo yana ce musu ai Turawa ma sun tabbatar kurwa tana fita, ka basu sabuwar riga kenan. Ga kuma masu yawo da wata 'yar na'ura suna ce mata kwantam, ka riƙe ɗan ƙarfe a hannu minti ɗaya kwamfuta ta zayyano maka ciwon hanta da ƙoda da sanyi, daga nan a sayar maka da magani mai tsada. Ba abinda take aunawa, sunan kawai suka ara. Dan Allah kar ka tura bidiyon nan guruf ɗin gida, in ka riga ka tura ka goge.

Ita kuma amaryata, yarinya mai shekarunta tana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, in tana wahalar tashi toh dare take yi, a karɓe wayar uwarta daga hannunta bayan isha'i a kwantar da ita da wuri. Da safe ka shiga minti 10 kafin lokacin da kake so ta tashi, ka ɗaga labule haske ya shigo, ka zauna wajen ƙafarta ka kama ɗan yatsan ka kira sunanta a hankali, in ta buɗe ido ka karanta mata addu'ar tashi tana maimaitawa. Ka je ka ba Hajiya haƙuri yau ɗin nan kar ka bari ya kwana, kace mata ina gaishe ta, ranar Asabar in Allah Ya kaimu zan shigo.