Amsa ga mai tambayar nisan Kano da Legas ta sama da ta ƙasa

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka inda ka ce kana da ganawar neman aiki a Legas da safe, kana son sanin nisan wurin daga Kano, da kuma ko za ka iya shiga mota ana gobe ka isa a kan lokaci. Raina ya sosu, domin irin wannan lissafin ne ya taɓa raba ni da abin da na daɗe ina nema.

Ta sama, tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Murtala Muhammed da ke Ikeja kimanin kilomita 830 ne, kuma jirgi yana cinye shi cikin kusan awa ɗaya da rabi. Ta ƙasa kuwa, idan aka bi ta Kaduna, Tegina, Mokwa, aka haye gadar Jebba zuwa Ilorin da Ibadan, tafiyar tana kai wajen kilomita 1,000, wanda ya zaga ta Abuja da Lokoja kuma zai haura 1,100. Sai dai awannin da wayarka ke nuna maka ba su san tankokin mai da ke yin layi a hanyar Mokwa ba, ba su san shingayen bincike ba, ba su kuma san cunkoson da ke tarbar mutum a bakin shiga Legas ba.

Ni direbanmu ya rantse mana a tasha cewa kafin asuba muna Legas, alhali shi kaɗai ne, ba shi da mai karɓarsa. Bayan mun wuce Mokwa wata tirela ta faɗi ta tare hanya, muka kwana a zaune cikin hayaƙi, wata baiwar Allah tana yi wa jaririnta fifita da mayafi har gari ya waye. Wannan ƙaddara ce, ban zarge shi a kanta ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, da muka isa Ilorin sai ya ce motarsa ta lalace, ya juye mu a wata tsohuwar mota da ba ta ko cika ba, ya karɓi rabonsa ya juya. Na bi shi ina roƙo, takarduna a hannu, ina gaya masa lokacin da aka ba ni, bai ko ɗago kai ya dube ni ba. Da na isa, an riga an sallami kowa.

Saboda haka idan kana da hali ka hau jirgi, amma kada ka zaɓi na safiyar ranar, musamman a watannin Disamba da Janairu da hazo ke sa a jinkirta tashi ko a soke shi baki ɗaya. Idan motar ce dole, ka bar kwana guda cikakke a tsakani, ka kuma tambaya tun a tasha ko direbobi biyu ne, da kuma hanyar da za su bi, domin wasu suna guje wa yankin Birnin Gwari saboda matsalar tsaro, wanda hakan ke ƙara tsawon tafiyar. Ka riƙe takardunka a jikinka, kada ka bari a sa su a but. Ka kuma nemi masauki kusa da wurin ganawar, domin ƙetara Legas kanta da safe tana iya cin awannin da suka fi na jirgin.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka sa'a.