Gajeren Suna a Madadin Dogon Adireshin Walat

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani da muke hulɗar kasuwanci ya ce in tura masa kuɗin kirifto, amma maimakon dogon adireshin da na saba gani, sai ya ba ni gajeren suna mai ƙarewa da .eth. Shin kuɗin za su isa, kuma ana iya dogara da irin wannan suna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Za su isa, muddin walat ɗinka, wato manhajar da kake ajiya da tura kirifto da ita, ta san tsarin irin wannan suna, kuma sunan na mutumin ne da gaske. Wannan sharaɗi na biyu shi ne abin dubawa.

Adireshin walat a Ethereum, tsarin kirifto da sunan .eth ke aiki a kansa, haruffa da lambobi 42 ne, yana farawa da 0x, kuma in kuɗi suka tafi inda ba a nufa ba, babu bankin da za a kai wa kuka. Domin rage wannan wahala ne Nick Johnson ya jagoranci samar da Ethereum Name Service, wato ENS, wanda ya fara aiki a watan Mayun 2017. Tun a 2011 wani tsarin kirifto mai suna Namecoin ya gwada hakan da sunaye masu ƙarewa da .bit, daga baya kuma aka samu .crypto na Unstoppable Domains da .sol na Solana. Ana rubuta sunan ne a kundin bulokcen, wato buɗaɗɗen kundin da ke ajiye bayanan mu'amalar kirifto, tare da adireshin da mai shi ya ɗora masa, don haka idan ka shigar da sunan, walat ce za ta je ta ɗauko adireshin, kamar dai yadda wayarka ke nemo lamba in ka taɓa sunan mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke ɗaukar sunan tamkar shaida. Ba a tambayar kowa katin shaida wajen rajista. Duk wanda ya riga, shi ke da sunan, ko da na wani sananne ne. Sannan sunan .eth haya ce ba mallaka ba: dala 5 a shekara ga mai haruffa biyar zuwa sama, dala 160 ga mai huɗu, dala 640 ga mai uku. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, ana ba mai shi kwana 90, daga nan wani na iya saya ya ɗora nasa adireshin, alhali masu tura kuɗi ba su da labari. 'Yan damfara kuma kan yi rajistar suna mai kama da na gaske, su sa lamba 1 a gurbin ƙaramin harafin l, ko su haɗa r da n su yi kama da m.

Saboda haka, kafin ka danna tura, dubi cikakken adireshin da walat ta nuna maka, ka kira abokin hulɗarka ya tabbatar da shi gaba ɗaya, ba farko da ƙarshe kawai ba, sannan ka fara da ɗan abu kaɗan.

In kuma kana sha'awar yin naka sunan, ka sani cewa duk wanda ya san shi zai iya ganin abin da ke cikin walat ɗin da duk shige da ficen da aka taɓa yi a cikinta. Gara ka ɗora shi a kan walat ta daban, wadda ba a cikinta kake ajiya ba.